Tara a So, Ɗaya a Iyawa

Aikina a makarantar shi ne ba ɗalibai shawara, kuma bana shugaba ya ɗora mini auna yadda 'yan aji biyar suke son rabuwa da jarabar intanet. Takarda ce mai shafi ɗaya, ba a sa suna. Yaro zai zagaye lamba daga ɗaya zuwa goma a wuri biyu: yadda yake son ragewa, da yadda yake ganin zai iya. A ƙasa akwai layin da zai rubuta wanda zai iya gaya wa a gida. Na tsaya gaban allo na yi musu alkawari babu mai sanin ta wani, har ni. Suka ninke, suka jefa cikin kwalin alli.

'Yata ta fari tana ajin, kuma ni na daɗe da yanke mata hukunci. Na ce da a ce akwai sifili, shi za ta zagaye. Wata shida muna abu ɗaya: in ƙwace waya in kulle a durowa, ta kumbura ta daina yi mini magana, in gaji in mayar mata.

Bayan an tashi na zauna a ofis ina warware takardun. Wani ya zagaye goma ko'ina, a zatonsa maki ne. Wani ya rubuta ai ya riga ya daina tun shekaranjiya, da datarsa ta ƙare. Ina cikin dariya na buɗe wata, na gane rubutun tun kafin in karanta. Ni na riƙe hannun nan na koya masa riƙon fensir. Ya kamata in kife ta. Ban kife ba.

A so ta zagaye tara, a iyawa ɗaya. A layin ƙasa ta rubuta: "Babu. Idan na faɗa ƙwacewa za a yi, ni kuma taimako nake nema."

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Idan na yi magana na karya alkawari a gaban yarinyar da dama ba ta yarda da ni ba. Idan na yi shiru na bar ta ita kaɗai.

Da la'asar na same ta kwance a ɗaki, fuska cikin waya, uniform ma ba ta cire ba. Tana jin shigowata ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe abarki," na ce. "Matsa in zauna."

Ta matsa. Na zauna a gefenta, fanka tana ta juyi.

"Umma, kin karanta tawa ko?"

Ƙarya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. "Na karanta. Na ce ba zan yi ba, kuma na yi. Ki yi haƙuri."

Ta daɗe tana murza bakin zanen gado. Na shirya wa fushi, na san na cancanta.

"Kowa a ajin canza rubutu ya yi, har da masu yi da hagu," ta ce a hankali. "Ni ban canza nawa ba, Umma."