Jan Fenti a Waldar Yaya

Ɗigon ruwan bai fi kan allura ba, amma Injiniya ta daɗe a tsugune tana kallon yadda yake tsattsafowa daga jikin bututun. Daidai kan walda yake fita. Waldar yayanta.

A wannan masana'anta da ke tace ruwan teku, ƙarfen bututu ba gama-gari ba ne. Ƙwayoyin ƙarfe iri biyu ne a jikinsa, rabi da rabi, shi ya sa gishiri ba ya cin sa. Amma in mai walda ya cika masa wuta, haɗin ya lalace, sai tsatsa ta shige shi kamar gara: waje sumul, ciki rami.

Ta shafa wa wurin jan fenti, alamar waldar ba ta karɓu ba.

"Goge shi," in ji Yaya daga bayanta. Ya ɗage gilashin walda zuwa goshi, idanunsa jawur.

"Gaggawa ka yi, Yaya. Ba ka bar shi ya huce tsakanin zagaye da zagaye ba."

"Ke za ki koya mini wuta? Ina wannan sana'a kina tsotsar yatsa."

Ma'aikata suka sassauta aiki, kowa ya kasa kunne.

"Mutane na wucewa ta ƙarƙashin nan. In aka ƙara ƙarfin ruwa ya fashe fa?"

"Manaja ya ce in aka sake shafa mini ja, in kama gabana. Kin sani sarai. So kike 'ya'yana su ji cewa gwaggonsu ce ta kori ubansu?"

Ta sani. Ga tsumma nan kusa da ƙafarta, fentin ma bai bushe ba. Ta dubi Yaya, ta dubi ɗigon da yanzu ya zama biyu. Sai ta sake zagaye wurin da jan fentin, da kauri.

Yaya ya tofar da yawu gefen takalminta. Ya sa aka rufe ruwa, ya datse gaɓar bututun da hannunsa, ya sake waldar a tsanake, yana jira tana hucewa, har rana ta karkata. Da aka gwada, ko gumi bututun bai yi ba.

Ta same shi ya tuɓe rigar aiki, ya ninke ta a kan benci.

"Ta yi kyau, Yaya. Bari in roƙi manaja..."

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe," ya ce, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa.

Ya raɓa ta gefenta ya fice, yana kaffa-kaffa kada kafaɗarsa ta gogi tata.