Wa Zai Ja Igiyar Igwa

Da aka ce za a rufe rundunar igwa ta bayan garinmu, mijina Bang Chil-seong ya ture kwanon taliyar da na dafa masa. Wai matasa sun yi ƙaranci, za a haɗe rundunar da wata can kudu. Na ce masa ko ba komai tagoginmu za su huta da girgizar harbi.

In ka biye wa Chil-seong, tarihin rundunar nan ya fi na ƙasar tsawo. An kafa ta ana tsakiyar yaƙi, ta ja igwoyinta cikin ƙanƙara daga tudu zuwa tudu, ta kwashi lambobin yabo. Duk gaskiya ne, sai dai a lokacin shi yana goye. A zamaninsa, har ya kai saje, abokin gabarsu ɗaya ne, wani dutse mai sanƙo a arewacin bariki. Sun yi ta jibgarsa da igwa a atisaye rani da damina, bawan Allah bai taɓa ramawa ba.

Kanar ɗin rundunar ya aiko cewa ran bikin rufewa za a yi harbi ɗaya na bankwana, kuma babba a cikin tsofaffin sojoji shi zai ja igiyar. Nan aka yi ta. Maƙwabcinmu No Gap-dong, mai gonar barkono, ya girmi mijina da shekara biyu, amma mijina ya riga shi shiga soja da 'yan kwanaki. A gari Chil-seong ne zai ce masa yaya, a bariki Gap-dong ne zai sara masa. Tun suna da baƙin gashi ba wanda ya sauko. Ko giyar soju da hannu ɗaya suke zuba wa juna, ba da hannu biyu ba yadda ake yi wa babba, don kada a ce wani ya girmama wani.

"Ina gudu da ƙafata kana tsotson nono," in ji Gap-dong.

"Ni kuma ina goge igwa kana kuka wurin askin shiga soja. Kurtu kawai!" in ji mijina.

Kanar ya ce a bariki girman bariki ake bi, mijina ya ci. Na yi murna, na kuma ji tsoro, domin tun shanyewar jikin da ya yi bara hannunsa na dama ko maɓalli ba ya sawa, na hagun kuwa rawa yake.

"Tsoho, ka bar masa mana," na ce.

"Gara ki binne ni a gonar barkononsa."

Ya koma ɗaure igiyar shanya a gindin bishiya yana fizga kowace safiya, shi a dole ban gani ba.

Ranar bikin filin ya cika, sojoji a jere, tsofaffi cikin kakin da ya daina rufe musu ciki. Aka miƙa wa mijina igiyar, aka ba da umarni. Ya ja, shiru. Ya sake ja, igiyar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na ga kunnuwansa sun yi ja, na ji kamar in nutse.

Sai ga Gap-dong ya fito daga layi yana ɗingishi. Ya ɗauki igiyar, ya naɗa ta a hannun mijina, ya ɗora nasa a kai. Sannan ya ƙame, ya ɗaga murya.

"Saje, ranka ya daɗe, kurtu na jiran umarni!"

Mijina ya dube shi, ya buɗe baki.

"Ja, yaya."

Ƙasa ta girgiza. Hayaƙi ya rufe su, dutsen ya sha na ƙarshe. Da hayaƙin ya washe sai ga su tsaye baki buɗe, yadda 'yan igwa ke yi don kare kunne, hannunsu har yanzu a haɗe.

Gap-dong ya sa yatsa a kunne ya girgiza. "Me ka kira ni ɗazu? Ƙarar nan ta hana ni ji. Maimaita."

"Ban ce komai ba," in ji mijina, hawaye na bin kumatunsa. "Riƙe ni da kyau, kada in faɗi a gaban yara."