Ranar da Inna Ta Faɗi Sunansa

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan Yaya Mudassir ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji. In ta kwashe tuwo sai ta ce, "Zaituna, kai wa wancan kwanonsa." Ni da nake ɗauka na san kwanon nan ya fi na kowa nauyi. In tsoka ɗaya ce a miya, a ƙarƙashin tuwonsa take.

Shekara uku ke nan da ya fara shan ƙwaya. Da can yana tuƙa adaidaita tsakanin Gaya da Ajingi, har ranar da ya zubar da fasinjoji a gonar mutane, mai keken ya karɓe abinsa. Baba ya kai shi wurin mai ruƙiyya. Ya kai shi asibiti a Kano, tumakinmu biyu suka tafi. Yaya ya dawo ya yi ƙiba, ya yi wata guda yana salla a sahun gaba, sannan idanun suka sake yin ja. Sau biyu Baba yana korarsa. Inna kuwa sai ta daina cin abinci har sai an je an nemo shi.

Irin geron da muke shukawa na kakanmu ne na Toranke. Duk kaka Inna take zaɓar zangarniya masu kyau, ta zuba a buhu, ta rataye a ɗakinta.

Ranar Laraba aka yi ruwan shuka. Da safe Baba ya saɓa sungumi.

"Hanne, miƙo irin nan, kada ƙasa ta sha iska."

Inna ta sauke buhun ta kwance. Zangarniya uku ce a sama. Ƙasa duk ƙaiƙayi ne da yashi.

Baba ya tarar da Yaya a kwance a zaure, ya tashe shi da ƙafa.

"Kai, ina irin?"

"Haba Baba, gero ne fa, ba zinariya ba. Da kaka zan sayo muku."

"Da kaka za mu yi shukar, ko?" Baba ya ajiye sungumin. "Ba zan yi maka baki ba. Amma ka bar mini gida."

Yaya ya yi miƙa, ya yi murmushi, ya dubi ƙofar tsakar gida.

"Ai tsohuwa ba za ta yarda ba."

Sai ga Inna ta shigo zauren, buhun yana hannunta. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta dube shi cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Mudassir."

Murmushin ya ɗauke. Har Baba sai da ya juyo.

"Mudassir, tashi ka tafi. Allah ya shirye ka a inda ba na gani."

Ya tsaya yana jiran ta ƙara magana. Ba ta ƙara ba. Ya zura silifas ɗinsa ya fita, ya bi hanyar Gaya.

Maƙwabcinmu Malam Kamalu ne ya taimaka mana da iri na kasuwa, wanda ba mu san asalinsa ba. Inna ta ɗauko kwanon Yaya ta wanke, ta juye irin a ciki, ta miƙo mini.

Baba yana gaba yana sara, ina binsa ina zubawa ina takewa. Kwanon ba nauyi. Da rana ta yi, Inna ta kawo mana tuwo gona, ta zauna a gindin gawo ta cinye nata tas.