Karce Uku a Kariyar Malam Jaji

Dawuda ba bakanike ba ne. A rumfar masu gyaran mashin da ke bakin titin Kankia, aikinsa goge ƙarfe: salansa, wato bututun hayaƙi, da ya dafe, murfin inji da ya kwarzane, duk abin da tsatsa ta fara ci.

Ana gab da babbar salla surukinsa, Malam Jaji na Dudunni, ya kawo wa 'yarsa Kubura, matar Dawuda, wake, tayar bayan mashin ɗinsa ta sace a ƙofar gida. Ya bar mashin ɗin a yi masa faci, ya bi mota ya koma. Kubura ce ta kawo wa mijinta shawarar.

"Malam, tunda ga shi a hannunka, ka goge wa Baba shi mana. Mashinan gari duk sun yi fes a hannunka, na surukinka kamar an tono shi daga rami."

"Faci kawai ya ce."

"Baba ne zai buɗe baki ya roƙe ka? Mutumin da ko ruwa bai iya sha a gabanka."

Mashin ɗin jar Boksa ce, irin wadda ta cika ƙasar Kusada. Dawuda ya kwance salansa da murfin inji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan kariya, wurin ɗora kaya na baya, a ƙarfen gefen hagu, ya tarar da karce uku a jere, masu zurfi, kewayensu ya yi sumul kamar wurin da hannu ya saba taɓawa. Ya ɗauka aikin yara ne da ƙusa.

Karce mai zurfi ba ya cikuwa. Sai dai a ci ƙarfen da ke kewaye da shi har ya sauko daidai da gindinsa. Dawuda ya fara da samfefa mai kaushi, yana jiƙa ta da ruwa, yana bin tsawon ƙarfen. Ya sauya mai laushi ya bi ta gicciye, har sawun ta farkon ya ɓace. Daga nan ya shafa man goge, ya murza da tsumma. Wurin nan ya fi ko'ina cin lokacinsa, kuma shi ya fi yi masa daɗi. Da ya gama, ko da farce ba ka jin inda karcen yake.

Shi da kansa ya kai mashin ɗin Dudunni. Ya durƙusa ya gaida surukinsa a zaure. Malam Jaji ya fito, ya ɗora hannu a kan kujerar mashin, ya shafo har kariya. Hannun ya tsaya. Ya koma ya sake shafowa.

"An yi aiki," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Dawuda ya ɗauki gajeriyar godiyar a matsayin kunyar suruki.

Ran kasuwar Kusada ta farko bayan salla, Sadisu, babban ɗan Malam Jaji, ya kira shi a waya, ya ce ya zo yanzu. Dawuda ya iske taro a wurin ajiye mashina. Malam Jaji na zaune a benci ba hula, aljihun rigarsa a yage. Wani mai suna Ummaru, ɗan acaɓa, yana ba da labari ga duk wanda ya iso.

"Ina kallonshi tun daga can. Shi taɓa bayan wannan, shi wuce, shi taɓa bayan wancan. Layi guda ya bi, ya dawo. Sai ga shi ya sa makulli a nawa yana murɗawa. To ni me zan ce? A wannan zamanin?"

Ihun ɓarawo Ummaru ya yi. Kafin wani mahauci da ya san tsohon ya ratsa taron, an riga an shaƙe shi an ja.

Sadisu ya tsuguna gaban ubansa. "Baba, wanne ne naka a nan?"

Mashin ɗin na nan kusa, yana ƙyalli fiye da duk na layin. Malam Jaji ya ɗaga kai ya dubi jerin, ya daɗe yana duba.

"Duka jajaye ne," ya ce.

A nan, gaban baƙi, ya faɗi abin da bai faɗa wa kowa a gida ba. Tun daminar bara hazo ya fara rufe masa ido. Hanya ya san ta, yana bin gefe a hankali, mota da shanu yana ganin duhunsu. Abin da ya gagare shi shi ne gane nasa cikin mashina masu kama ɗaya, shi ya sa ya ɗauki zarto ya yi wa kariyar alama da hannunsa.

Sadisu ya miƙa hannu. Tsohon ya ɗan riƙe makullin, sannan ya sake shi.

Da taro ya watse, Dawuda ya matso ya durƙusa.

"Baba, ban sani ba. In an ba ni shi, yau ɗin nan sai in mayar da alamar."

"Bar shi, Dawuda. Ai yanzu kowa ya sani."

Sadisu har godiya ya yi wa Dawuda a hanya, ya ce da ba don gogewar nan ba, da sai dai a ɗauko musu tsoho daga ƙarƙashin tirela. Kubura ma, bayan ta yi kukanta, haka ta ce. Asibiti suka ce yanar ido ce, za a iya aiki, aka sa shi a layi. Dawuda bai musa wa kowa ba. Ya san gaskiya suka faɗa. Ya kuma san cewa mutumin ya ce faci, shi ya ƙara da abin da ba a sa shi ba, kuma da ya ga hannun ya tsaya a kan kariya bai tambaya ba.

Mashin ɗin ya koma hannun Sadisu. Malam Jaji bai sake sallama a ƙofarsu a Kankia ba.

Bayan an yanke gero, Dawuda ya rufe rumfa ran kasuwar Kusada ya nufi Dudunni. Ya tarar da surukinsa a zaure cikin wankakkiyar riga, da hula, takalma a ƙafa. Matan gidan suka ce Sadisu ya yi sammako da kaya, ya ce zai dawo ya ɗauke shi. Hantsi ya riga ya dubi ludayi.

Suka gaisa, suka yi maganar amfanin gona.

"Baba, ni ma kasuwar za ni. Ko in rage muku hanya?"

Malam Jaji ya juya fuska wajen ƙofa, inda mashin ɗin Dawuda yake. Hawa bayansa na nufin ya dafa kafaɗar mijin 'yarsa, ya sauka a gaban mahauta da 'yan acaɓa a haka.

"A'a, je ka abinka. Ba ni da abin yi a kasuwa yau."

Dawuda ya ɗan ƙara zama. Da ya tashi tafiya, tsohon ya sunkuya yana cire takalma.