Ƙafar Kyamara Ɗaya, Shago Huɗu

Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da ilimin ƙididdiga a wata jami'a a Delhi, kuma abin da na fi nanata wa ɗalibai shi ne kada su yarda da shaida guda ɗaya. Ban san ko sun taɓa saurarena ba. Ni dai na saurari kaina.

Bara na sayi dogon gilashin kyamara, irin wanda ke jawo tsuntsun da ke tsallaken tafki ya kawo maka shi gaban hanci. Shi da kyamarar sun haura kilo biyar. Na ɗora su a kan tsohuwar ƙafar kyamarata mai siraran ƙafafu uku, na yi kwana uku a tafkin Bharatpur ina ɗaukar hoton gauraki. Na dawo da hoto ɗari takwas, kowanne kamar daga bayan babur aka ɗauke shi. Iska kaɗan ta taɓa ƙafar sai gilashin ya kama makyarkyata, sau biyu kuma na cafe shi yana hanyar zuwa ƙasa.

Bana hutun kwana huɗu kawai na samu. Jirgin ƙasa zuwa Bharatpur zai tashi Lahadi da safe, kasuwar kyamarori ta Chandni Chowk kuma ba ta buɗewa ran Lahadi. Ke nan ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai gare ni: ko in samu ƙafar da za ta riƙe gilashin nan cak, ko in zauna a gida. Na rataya jakar gilashin a baya na shiga layin kasuwar da ƙarfe goma sha ɗaya, da niyyar kada kowa ya cuce ni.

Shagon farko na Lala Kishorilal ne, tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na gaya masa abin da nake so.

“Zauna, Farfesa sahib. Shayi?”

“A'a, na gode.”

“A kawo shayi biyu,” ya faɗa wa titi.

Ya ɗaga gilashina da hannu biyu ya auna nauyinsa, ya tsallake duk ƙafafu masu ƙyalli da ke jere a gaban shagon, ya jawo wata baƙa mai kauri daga bayan kanta. Kowace sandarta ta kai damtsen hannuna. Ya kafa ta a bakin ƙofa, ya koma ya zauna bai ce komai ba.

Wannan shirun ne ya fara damuna. Ɗan kasuwar da bai yabi kayansa ba, akwai abin da ya sani.

Na ɗaure kyamarar, na saita ta kan wata tattabara da ke kan waya a ƙarshen layin, na sa ido, sannan na ƙwanƙwasa sandar ƙafar da yatsa. Haka ake gwadawa. Idan tattabarar ta ɗau lokaci tana rawa a cikin gilashi, to ƙafar ta banza ce. Wannan ko motsi. Na ƙara bugawa da ƙarfi. Tattabarar ta kalle ni, ni ma na kalle ta.

“Nawa?”

“Rupee dubu talatin da biyu.”

Ya yi araha. A waya na ga irinta ta wuce haka nesa. Sai na durƙusa na fara neman dalilin arahar, kuma mai nema ba ya rasawa. Makullin sanda ɗaya yana da tauri, sai ka matsa da babban yatsa. A ƙarƙashin inda kyamara ke zama kuma akwai ɗan jan ɗigo.

“Lalaji, wannan jan fa? Tsaga aka rufe?”

“Jar hoda ce. Ranar Diwali, bikinmu na Hindu, nakan ɗiga wa manyan kaya albarka.”

“Makullin kuma?”

“Sabo ne. Kai ma ranar da aka kawo ka jami'a ai da taurinka.”

Na ce zan ɗan zagaya in dawo. Ya sauko da tabarau na biyu ya dube ni ta cikin duka biyun.

“Guda ɗaya ce a kasuwar nan, Farfesa sahib.”

Na yi murmushi. Tun ina yaro nake jin wannan jimlar, a kan takalma, a kan firji, har a kan matar da aka taɓa nema min.

Shago na biyu yana bayan kwana, na Shamim ne, mai gemun lalle da waya biyu. Na faɗi sunan ƙafar da lambarta.

“Akwai mana! Wallahi akwai. Tana sito. Minti biyar, bhai sahib. Shayi?”

Ya juya baya ya yi magana ƙasa-ƙasa a waya. Bayan minti ashirin aka turo ta ta ƙofar baya. Na kafa, na ɗaure, na ƙwanƙwasa. Ko motsi. Na lalubi makullan. Ɗaya yana da tauri. Na leƙa ƙasa. Jan ɗigo.

To, ga ƙarya ta farko ta fito. Tsohon ya ce albarkar Diwali ce, ga shi kuwa a shagon Musulmi. Ashe alamar kamfani ce.

“Dubu talatin da biyar,” in ji Shamim. “Don fuskarka ce. Wani da ya zo jiya arba'in na ce masa.”

“Fuskata ta yi tsada. Can baya talatin da biyu aka ce min.”

“Can baya ina? Haba bhai sahib, a layin nan akwai masu sayar da ta jabu, fentin kawai. Ka ɗora wannan jaririn naka a kai, ka ji ƙasa ta amsa. Ni ba zan kira suna ba.”

Na fita da sabon zargi a kan tsohon. Yanzu ban yarda da Kishorilal ba, ban yarda da Shamim ba, na kuma fara tuhumar kamfanin.

Na uku Sardar Jaswant Singh ne, ƙato mai shuɗin rawani. Shi ma tana sito, shi ma minti biyar, shi ma shayi. Da aka kawo ta, kafin in ɗaure komai ya kama wuyanta da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, ya yi lilo.

“Ka gani? Kilo ɗari da biyar! In ta riƙe ni, bututun nan naka fa?”

“Sardarji, ba faɗuwa kaɗai nake tsoro ba. Rawa nake tsoro.”

“To ka daina zuwa biki. Talatin da takwas.”

Na yi gwajina. Ta tsaya kamar an dasa ta. Amma makulli ɗaya da tauri, jan ɗigo yana nan. Na fito titi na tsaya ina tunani irin na masu digiri uku. Ƙafa uku na gwada a shago uku, duka ukun makulli ɗaya ya yi tauri. Wannan ya wuce dacewa. Aibi ne daga masana'anta, an kwaso rukunin da aka ƙi a wata ƙasa an jibge mana, kuma duk layin sun haɗa baki. Har na ji daɗi. Ba abin da ke sanyaya ran mai zargi kamar a tabbatar masa.

Sai dai ƙarfe uku ta wuce, kuma ba ni da ƙafa. Na yanke in gwada ta huɗu. In ita ma da taurin, na haƙura da tafiyar.

Shago na huɗu na Madam Bhalla ne, wadda ta gaji wurin daga mijinta. Nata ba shi da ƙofar baya. Ta yi waya, ta ba ni kujera a bakin titi, na riƙe kofin shayi na huɗu. Can sai ga Bundu, tsohon ɗan dakon layin, yana tahowa a hankali daga wajen shagon Kishorilal da baƙar ƙafa a kafaɗa. Ya sauke ta a gabana, ya dafa ƙugu, ya dube ni.

“Kai ne dai? Farfesa sahib, don girman Allah ka yanke shawara. Tun safe nake yawo da abin nan a bayanka. Gwiwoyina ba na kamfani ba ne.”

Na san ana haka a layin nan, kowa ya sani. In ka nemi batir ko murfin gilashi babu, sai a aika maƙwabci, a kira shi sito. Ban dai taɓa kawowa za a yi wa mai koyar da ƙididdiga haka ba. Shaidu uku da na tara ashe mutum ɗaya ne ya canza riga.

Na ajiye kofin na koma wurin Kishorilal da sauri, jakar tana dukan bayana.

“Lalaji, na dawo. Talatin da biyu. A nannaɗe.”

“Af. Ai wannan farashin safe ne.”

“Me ya canza daga safe?”

“Kasuwa. Wata bakwai tana bayan kantar nan ba wanda ya ko kalle ta, shi ya sa na karya maka. Yau kuwa shago uku suka aiko nema. Mutum uku, Farfesa sahib, ban da kai.”

“Ni ne ukun!”

Ya dube ni yadda na dubi jan ɗigonsa da safe.

“Shamim ya ce nasa mutumin dogo ne.”

“A tsaye ya gan ni.”

“Sardarji ya ce nasa ba shi da fara'a.”

“To ai ka gani!”

“Rabin Delhi ke nan. Ina shaidarka? Kowa ya ga kaya sun yi farin jini sai ya ce shi ne kowa. Wa ya sani ko ɗayansu ne ya turo ka ka karya min farashi?”

Na ce a kira Bundu. Aka kira shi. Bundu ya ce shi ƙafa yake ɗauka, ba fuska ba, a shago biyu ta ƙofar baya ya miƙa, bai ga kowa ba. Na ga yana jin daɗin faɗin haka.

“Ko ma kai ne,” in ji Kishorilal, “ba zan iya sayar maka ba. Kaya yana hannun Madam Bhalla, mai saye ya zauna a kujerarta ya sha shayinta. In na zagaye ta na karɓe ka, gobe wa zai aiko min? Shekara arba'in muna layin nan a kan haka. Shamim da Sardarji ma sun ce a riƙe musu, sai an ba su haƙuri, haƙuri kuma ba da baki kawai ake ba shi ba.”

“Wato in sayi kayanka a shagon wata, in kuma biya mutum biyu ladan rashin sayar min.”

“Ka ga amfanin karatu. Nan da nan ka gane.”

Na yi barazanar tafiya wata kasuwa. Ya duba agogo, ya tambaye ni ko a aika a kira min keke. Ƙarfe biyar ta kusa. Ni da shi mun san babu wata ƙafa a garin nan da zan samu in gwada kafin a rufe, kuma wannan, duk abin da na yi don in kama ta da laifi, ba ta motsa ko sau ɗaya ba.

Madam Bhalla tana nan inda na bar ta, ƙafar a tsaye a gefenta.

“Arba'in da ɗaya, bhai sahib. Ka yi sa'a ka dawo da wuri. Yau nemanta ake kamar sukari.”

Na nemi alamar dariya a fuskarta ban samu ba. Na biya.

“Ba za ka gwada ba?” ta ce. “Ni ba na son mutum ya ɗauki kaya bai gwada ba, daga baya ya ce an rufe shi.”

Na ce mata na yarda da ita.

Na waiwaya wurin Bundu, wanda ke zaune a kan akwati yana murza gwiwa, na ce ya kai min ita tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, zan ba shi ninki biyu na kuɗin dako. Ya girgiza kai.

“Na ɗauke ta iya rabona na yau. Yanzu taka ce.”

Na ɗora ta a kafaɗar hagu, jakar gilashi a baya, na kutsa cikin cunkoson yamma. Kafin in kai bakin titi na tsaya hutawa sau biyu. Tana da nauyi ƙwarai, kuma wannan ne abu ɗaya game da ita da ban yi tunanin gwadawa ba.