Takin da Gligor Ya Zuba

Shekara uku ina lallashin 'yata Rodica kada ta bi ƙawayenta zuwa Italiya aikin jinyar tsofaffi. Abin da ya riƙe ta shi ne makiyayarmu ta kan dutse, inda wani furen magani, arnika, ke fitowa rawaya fal duk watan Yuni. Ita ke tsinka, ta shanya a inuwa, ta jiƙa a mai, mutane su zo nema don targaɗe da kumburi.

Bana muka hau da kwanduna, muka tarar da ciyawa kore shar har gwiwa. Furen bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ƙanena Gligor yana gefe yana wasa lauje.

Na ce, "Me ka yi wa wurin nan?"

Ya ce, "Taki na zuba bara, Yaya, amalanke shida. Dubi ciyawa. Shanu sun huta."

"Kai a birni aka haife ka? Wa bai san taki yana kashe arnika ba? Ƙasa mai yunwa take so, sakarai."

"To, in ƙanƙara ta rufe, fure zan ba saniya?"

"Wa ka tambaya?"

Rodica ta katse mu. "Baba, shekara nawa kafin ta dawo?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce, "Wataƙila goma. Wataƙila ba za ta ƙara fitowa ba."

Ta miƙa wa Gligor kwandonta. "Ungo, Baffa, ka zuba ciyawarka."

Ranar Litinin ni na ɗaukar mata jaka zuwa tasha, za ta Italiya. Gligor ya aiko da gaisuwa, ban amsa ba.