Farin da Ke Kan Ganyen Kabewa

Irin kabewar na marigayi Babana ne, ɗan abin da ya rage a ƙullin leda. Na shuka shi a gwangwanaye, na jera a bayan kicin. Sun tsiro gwanin sha'awa, sai wata safiya na tarar da fari-fari a ganyen kamar an barbaɗa gari.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Cuta ce, 'yar'uwa. Surka madara da ruwa ki fesa da hantsi. Wanda ya ci tura ki tuge shi, kar ya shafa wa sauran."

Na fesa, farin ya lafa, har na fara murna. Kwana kaɗan sai ga shi ya dawo, ya fi na da kauri, har kan ƙasar gwangwanin. In wanke, in fesa, da safe in tarar da shi. Kaina ya kulle. Wace irin cuta ce wannan da ba ta fashin safiya?

Maigida, wanda bai taɓa shuka ko albasa ba, ya ce, "Ko madarar taki ce ke bushewa?"

Na daina madara, fari bai daina ba. Sai na koma tugewa, ina yi ina jin zafi a raina, har ya rage saura gwangwani ɗaya.

Washegari na yi sammako don in ga abin da idona. Sai ga Inna, surukata, a tsugune da kwanon toka, tana barbaɗawa a tsanake.

"Inna, me kike yi?"

"Magani mana. Tun da na ga farin nan nake sa musu toka. Amma kullum wani marar aikin yi sai ya wanke min ita. Kuma sai ɓacewa suke, 'yar nan. Anya ba ɓera ba ne?"

Na hure ganyen. Kore shar, babu tabo ko ɗaya. Ko madara ce ta warkar da shi, ko toka, ko tun yaushe, ban sani ba.

Na nufi kwandon shara da sauri. Waɗanda na tuge jiya suna nan a sama, sun yi yaushi. Na hure su ɗaya bayan ɗaya, toka tana tashi.

Inna ta ce daga bayana, "Kin ga ɓeran?"

Na ce, "Na gan shi, Inna."